Majnun Mai Raƙumi da Majnun Mai Mota: Wanne Ya Fi Riƙe Amanar Labari?

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata gardama ce da ta kaure tsakanina da kawuna a kasuwar Alaba Rago da ke Ojo, kwana biyu bayan Babbar Sallar shekarar 2024. Ragunan layya sun ƙare, 'yan tsirarun da suka yi kwantai suna ɗaure a turke, ciniki ya yi sanyi, muna zaune a kan benci a rumfarsa. Sai na ɗauko waya na kunna masa wani fim ɗin Indiya mai suna Laila Majnu, wanda ya fito a 2018. Kawu dai tsohon ɗan kallo ne, tun yana saurayi a Kano yake shiga silima, har ya tsinci Indiyanci daidai gwargwado ba tare da malami ba. Ya yi shiru yana kallo har aka zo inda mahaifin Laila ya fara yi mata faɗa a kan saurayin da take so, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Karɓi abinka ɗan nan. Wannan ba Laila ba ce. Laila ce za ta riƙa leƙen samari ta tagar mota? Ina raƙuman, ina rairayin? Sun ɓata labari kawai."

Na ce, "Kawu, da ka daure ka kai ƙarshe." Ya ce shi Laila da Majnun guda ɗaya ya sani, wanda Rishi Kapoor ya fito a ciki, kuma ya kalle shi ya fi sau goma bai taɓa tashi idonsa a bushe ba.

Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina. Shin idan aka ɗauko tsohon labarin soyayya mai ƙarshen baƙin ciki za a mayar da shi fim, wanne ya fi dacewa: a bar shi da tufafinsa da zamaninsa, ko a jawo shi a zaunar da shi a cikin namu zamanin? Wannan shi ne batun da malamanmu ke kira baddalawa, kuma ina so in bayyana ra'ayina a kai, tare da kawo hujjojin ɓangarorin biyu gwargwadon fahimtata.

Ina Ne Asalin?

Kafin a ce wani ya ɓata labari, ya kamata a fara sanin wane ne labarin na asali. Masana adabin Larabci suna danganta wannan ƙissa da wani mawaƙi, Ƙais ɗan Mulawwah, na ƙabilar Banu Amir a yankin Najad, a ƙarni na 7 na Miladiyya. Abul Faraj al-Isfahani ya tattara riwayoyinsa a cikin Kitabul Agani a ƙarni na 10. A waɗannan riwayoyi Ƙais da Laila 'yan ƙabila ɗaya ne, tare suka tashi suna kiwo. Abin da ya raba su shi ne Ƙais ya riƙa ambaton sunanta a waƙa har zancen ya bazu, a wancan lokaci kuwa abin kunya ne uba ya aurar da 'yarsa ga wanda ya yi mata haka, domin sai a ce abin da ake tsegumi ya tabbata. Aka aurar da ita ga wani, shi kuma ya shiga daji, mutane suka sa masa suna Majnun, wato mahaukaci.

A shekarar 1188 Nizami, mawaƙin Farisanci ɗan birnin Ganja, ya mayar da labarin doguwar waƙa. Shi ne ya ɗauke yaran daga wurin kiwo ya kai su makaranta, ya kuma zuba wa labarin ruwan sufanci. A ciki ne ake jin yadda mahaifin Majnun ya kai shi Ka'aba domin ya roƙi waraka, shi kuwa ya roƙi a ƙara masa son. Da labarin ya isa ƙasar Indiya sai ya sake samun wasu rassa.

To mai karatu, ka ga tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto labarin nan yake sauya riga. Kamar tatsuniya yake, kowace tsohuwa da irin gishirin da take zubawa. Wannan ita ce hujjata ta farko, kuma sai a riƙe ta domin za mu dawo kanta.

Majnun Mai Raƙumi

Fim ɗin da kawu ke so ya fito a 1976. H. S. Rawail ne ya ba da umarni, Rishi Kapoor ya fito a Ƙais, Ranjeeta ta fito a Laila, Danny Denzongpa kuma ya fito a yariman da aka aura mata. Madan Mohan ne ya fara tsara kiɗan, ya rasu a 1975 bai ƙarasa ba, Jaidev ya kammala, Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar suna cikin waɗanda suka rera waƙoƙin. Akwai rairayi da tantuna da raƙuma da takubba, akwai rawuna da alkyabbu. Tun a makarantar allo aka nuna cewa idan malam ya bugi hannun Ƙais, a hannun Laila ciwon ke fitowa. Fitowar da ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce inda jama'a suka taru za su jefe Majnun, Laila ta fito tana roƙonsu cikin waƙa da su ƙyale mata mahaukacinta.

Ba na musun kyawun wannan fim. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Akwai natsuwa a cikinsa, akwai kunya, masoyan sun fi yin magana da ido da baiti, kuma harshen da aka yi amfani da shi harshe ne mai nauyi wanda aka tace. Wannan na daga cikin abin da ya sa finafinan Indiya suka shiga ran Hausawa, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na 1997 kan masu kallon finafinan Indiya a Kano: mutanenmu sun ga wata duniya mai kama da tasu, inda iyaye ke da ta cewa a kan aure.

To amma a duba da kyau. A wannan fim ƙabilu biyu ne masu gaba da juna, ɗan'uwan Laila mai suna Tabrez ya kashe mahaifin Ƙais, Ƙais ya rama ya kashe Tabrez, aka kore shi daga gari. Babu wannan a tsoffin riwayoyin Larabawa, inda masoyan ma dangi ne. Hasali ma duk wanda ya karanta Romeo da Juliet zai tuna da Tybalt, ɗan'uwan Juliet da Romeo ya kashe aka kore shi daga Verona. Ashe abin da kawu ke kira asali shi ma sabon ɗinki ne, an dai yi shi da tsohon yadi. Abin da ya sa ya zame masa asali shi ne da shi ya fara buɗe ido.

Majnun Mai Mota

Na 2018 kuwa Sajid Ali ne ya ba da umarni, shi da yayansa Imtiaz Ali suka rubuta, Avinash Tiwary da Tripti Dimri suka fito a masoyan. An kai labarin Kashmir ta wannan zamani. Ƙais ɗan mai kuɗi ne mai yawo a mota, Laila 'yar makaranta ce mai rawar kai da son a yaba kyanta. Iyayensu maza suna rigima a kan fili. Aka aurar da ita ga wani yaron gidan mahaifinta mai neman tashi a siyasa, wanda ya zama mashayi mai dukan mata. Ƙais ya bar ƙasar na tsawon shekara 4, rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi. Da mijin Laila ya mutu sai ya zama abin da ya rage tsakaninsu takaba ce kawai. A cikin wannan jira ne hankalin Ƙais ya gushe, ya shiga duwatsu yana ganin Laila a ko'ina, har ta kai da ta zo masa da kanta bai ga wata bukatar ta ba, domin wadda ke zuciyarsa ta ishe shi.

A iya fahimtata rabin farko na fim ɗin yana da rauni, soyayya ce irin wadda muka saba gani ta samari da 'yan mata. Amma rabin ƙarshe ya fi na 1976 kusanci da ruhin waƙar Nizami nesa ba kusa ba. A nan ne aka dawo da tsohuwar hikayar nan ta Majnun da ya gitta gaban masu salla bai sani ba, da suka far masa sai ya nuna mamakin yadda shi tunanin masoyiyarsa ya hana shi ganinsu, su kuma da ke gaban Ubangijinsu suka iya ganinsa. Wannan ita ce tsokar labarin, kuma mai mota ne ya kawo ta. Fim ɗin bai yi kasuwa ba da ya fito, sai da aka sake haska shi a silima a watan Agustan 2024 sannan ya samu abin da ya fi na karon farko.

Haka Aka Yi da Romeo

Turawa ma sun sha irin wannan gardama. A 1968 Franco Zeffirelli ya ɗauki Romeo da Juliet a tsoffin garuruwan Italiya, da tufafin da da takubba. A 1996 Baz Luhrmann ya sake yin sa da Leonardo DiCaprio da Claire Danes, ya kai shi birnin zamani mai motoci da jiragen 'yan sanda, ya mayar da gidajen biyu manyan 'yan kasuwa, takubba suka koma bindigogi, amma bai taɓa kalmomin Shakespeare ba. Tun kafin nan, a 1961, fim ɗin West Side Story ya mayar da labarin rikicin gungun samari biyu a birnin New York, ɗaya na farar fata ɗaya na baƙi 'yan Puerto Rico. Shi kansa Shakespeare aro ya yi daga wata waƙa da Arthur Brooke ya wallafa a 1562.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, tsohuwar riga ba ita ce tarbiyya ba. Fim ɗin 1968, wanda ake kira na gargajiya, shi ne ke da fitowar tsiraici, har 'yan wasan biyu, waɗanda yara ne lokacin da aka ɗauka, suka shigar da ƙara a kai a ƙarshen 2022, ko da yake kotu ta kori ƙarar a 2023. Na biyu, mai zamanantar da labari yana da aiki ja a gabansa. Romeo ya mutu ne saboda wasiƙa ba ta isa gare shi ba. A zamanin wayar salula, wa zai yarda da wannan? Dole marubuci ya nemo sabon dalili mai ƙarfi wanda mai kallo zai gaskata.

Inda Na Tsaya

Ra'ayina shi ne, kowane labarin soyayya mai ban tausayi a kan katanga aka gina shi, wato abin da ya shiga tsakanin masoya ya hana su haɗuwa. Raƙumi da rawani da takobi ado ne. Katangar ita ce jigo. A wurin Larabawan da, katangar ita ce tsoron abin kunya. A 1976 gabar ƙabila ce da jini. A 2018 fili ne da siyasa da girman kan iyaye. Fim ɗin da ya riƙe amanar labari shi ne wanda ya sa mai kallo ya ji nauyin katangar a ƙirjinsa, ko da wace riga aka sa wa 'yan wasa. Saboda haka na fi karkata ga zamanantarwa, kuma ga babban dalilina.

Kawun nan nawa da ke zubar wa Laila hawaye yana da 'ya. Shekarun baya wani saurayi ɗan unguwarmu a Agege ya nemi aurenta. Musulmi ne, ya yi karatun Larabci, yana da sana'arsa, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Laifinsa guda, Bayerabe ne. Kawu ya ce ba zai ba da 'yarsa inda ba a san asalinsa ba, aka tura ta Arewa aka ɗaura mata aure da wani ɗan dangi. Auren bai cika shekara biyu ba. Yanzu tana gida da goyo, ba ta cika magana ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya shiga daji, amma duk wanda ya san ta da can ya san an kashe wani abu.

Ban faɗa wa kawu haka ba, kuma ba zan iya ba, Allah ya huci zuciyarsa idan wannan mujalla ta kai hannunsa. Allah ne masanin abin da ke ransa. Sai dai na lura da wurin da ya miƙo mini wayar. Uban da ke cikin fim ɗin 1976 yana can nesa cikin rairayi da takobinsa, kowa na iya tsine masa hankali kwance, domin ba wanda ya yi kama da shi. Uban da ke cikin na 2018 kuwa a falo yake zaune, yana maganar mutuncin gida da abin da mutane za su ce, irin maganar da muke ji kullum. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fim ɗin gargajiya yakan bar mu a kan tudunmu muna hange, na zamani kuwa ƙasan ƙafarmu yake nuna mana.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Masu ra'ayin kawu suna da gaskiyarsu a wurare uku. Na ɗaya, akwai zamanantarwar da iyakarta tufafi da mota da rawa, a sauya ado a yar da jigo. Wannan kam ɓarna ce. Na biyu, fim ɗin gargajiya makaranta ne, a cikinsa yaro ke ganin yadda mutanen da suka rayu. Wanda ya kalli Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga ayari da cinikin bayi da suturar da, abubuwan da ba za a iya kawo su Legas ta yau ba tare da an rusa labarin ba. Ba kowane labari ke karɓar sabuwar riga ba. Na uku, wanda ya fi shafarmu mu ɗaliban harshe, shi ne asarar magana. Sau da yawa idan aka zamanantar da labari sai harshensa ya tsinke, karin magana da habaici da zaurancen masoya su ɓace, a bar mu da "ina son ki" da "ba zan iya rayuwa babu ke ba". Luhrmann ya gane wannan haɗari, shi ya sa ya sauya duk abin da ido ke gani ya bar abin da kunne ke ji.

Waɗannan hujjoji ba su rusa ra'ayina ba, sharaɗi suka gindaya masa. A zamanantar, amma a nemo katanga ta gaskiya, a kuma ba masoyan harshe mai daraja. Abin da Abubakar Imam ya yi ke nan a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930: ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya yi musu wankan Hausa har mai karatu ba ya jin warin baƙunta.

Mu Fa?

Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar finafinan Hausa take ta yin labaran soyayya, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da dama kan yadda ta yi aro daga Indiya. Abin da na lura shi ne mun ari waƙa da rawa, amma muna jin tsoron ƙarshen baƙin ciki. A Sangaya na 1999 yarima ya so 'yar aikin gidansu, aka sha wuya aka dace. A littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ta faɗa rijiya amma an ceto ta. Na san dalili: kashe kai haramun ne, kuma mai kallo yana so ya tashi da farin ciki. To ai Laila da Majnun ba su sha guba ba, baƙin ciki ne ya cinye su, shi ya sa labarinsu ya fi na Romeo dacewa da mu. Kuma idan kullum iyayen cikin fim suna saukowa a minti na ƙarshe, yaushe iyayen da ke kallo za su ga abin da rashin saukowa ke haifarwa?

Muna ma da namu na gida. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930, labarin Abubakar ne da Zainab, waɗanda dukiyar Malam Shaihu ta raba, ɗaukar fansa ta bi ta kan ɗan da aka haifa har ya zama ajalin ubansa. Ana iya yin fim ɗinsa a garin Galma da dawaki da zaure. Ana kuma iya kawo shi Alaba Rago, Malam Shaihu ya zama babban dillalin dabbobi mai tireloli, Abubakar ya zama yaron da ke ba raguna dusa. Wace katanga ce ta fi kuɗi tsawo a Legas?

Haka nan mu Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 muna zaune a kan labaran da ba a taɓa ba. Mun ga rikicin Ketu a 1999, da na Idi-Araba a 2002, da na Mile 12 a 2016, inda aka yi asarar rayuka tsakanin maƙwabta. A cikin waɗannan unguwanni akwai Bahaushen da ke son Bayerabiya, akwai gidajen da uwa da uba ba yarensu ɗaya ba. Mu da aka haifa a nan, idan mun je Arewa a ce mana 'yan Legas, a nan kuma a kira mu aboki. Hausarmu ta Agege da ke gauraye da Yarabanci ita kanta abin nazari ce, kuma ba wanda zai rubuta hirar masoya a cikinta ta yi daɗi sai wanda ya tashi da ita. Gidan kallon Pen Cinema na Agege ya daɗe da zama tarihi, sunan ne ya rage a kan unguwa da gadar sama da aka buɗe a 2021, amma yanzu kowa da silimarsa a aljihu. Masu kallo suna nan, marubuta ake jira.

Kammalawa

Daga ƙarshe, shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu kalli finafinan biyu a jere, kowa da takarda da biro, mu tambayi kanmu: mece ce katangar, wa ya gina ta, kuma da wane harshe aka bayyana ta? Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta gwada ɗaukar fitowa guda daga Jiki Magayi a Makon Hausa mai zuwa, a yi wasanta sau biyu, ɗaya a tsohon zubi ɗaya a zubin Legas, sannan a ba 'yan kallo dama su yi hukunci. Idan an yi, ni zan biya wa kawu kuɗin mota ya zo ya zauna a sahun gaba. Wanda ke da ra'ayin da ya saɓa wa nawa, filin mujallar nan a buɗe yake gare shi. Allah ya sa mu dace, amin.